Zan iya haɗa kifin beta da dodon koɗi a tanki mai lita 20?

Mai Tankin Gilashi ta rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina da kifin beta namiji guda ɗaya a tankin gilashi mai cin lita 20, wanda na haɗa masa na'urar ɗumama ruwa da ke tsayar da zafinsa a digiri 26, da ƙaramin mataci na soso, da 'yan tsirran ruwa. Kifin yana cikin ƙoshin lafiya, yana cin abincinsa, har yakan tara kumfa a saman ruwa. Abin da ya dame ni shi ne gansakuka ta fara cin ƙarfin gilashin da ganyen tsirran. Iri biyu ce: akwai mai ruwan ƙasa wadda take gogewa da yatsa, akwai kuma koriya mai ɗigo-ɗigo wadda ba ta fita sai an kankare ta.

An ba ni shawara in saka dodon koɗi ya riƙa cinye ta, amma ban gamsu ba tukuna, domin kowa ya san halin beta na faɗa, kuma ba na so in sayo halitta in jefa ta hannun wanda zai wahalar da ita. Haka kuma na ji ana cewa idan aka saka guda ɗaya, kafin a ankara sun cika tankin. Ina roƙon waɗanda suka san kan abin su bayyana mini ko haɗin yana yiwuwa a tanki ƙarami kamar nawa, da irin dodon koɗin da ya dace, da kuma adadin da ruwan zai iya ɗauka. Na gode.

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Haɗin yana yiwuwa, kuma a cikin duk halittun da ake gwada zaunar da su da beta a ƙaramin tanki, dodon koɗi ne ya fi sauƙin sha'ani. Faɗan beta yana da dalili. Asalinsa daga Tailan da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita yake, inda yake zaune a ruwa marar zurfi na fadamu da gonakin shinkafa, kuma namiji yakan keɓe wa kansa wuri ya tsare shi saboda sheƙar kumfar da yake ginawa. Abin da ke tayar masa da hankali shi ne kifi mai launi da dogayen fikafikai, wanda yake ɗauka a matsayin kishiya. Dodon koɗi ba ya kama da kishiya ta kowace fuska, saboda haka yawancin beta sukan zo su duba shi, su buɗe masa fikafikai na ɗan lokaci, sannan su manta da shi. Sai dai beta maci nama ne, ƙwari da tsutsotsi ne abincinsa a daji, kuma duk wani abu siriri mai motsi a ruwa yana iya zama tsutsa a idonsa. A nan ne irin dodon koɗin da kika zaɓa yake da muhimmanci.

Wanda nake ba ki shawara a kai shi ne nerait, musamman mai zane baƙi da rawaya da masana ke kira Neritina natalensis, wanda asalinsa daga gaɓar gabashin Afirka yake. Girmansa bai cika wuce santimita biyu da rabi ba, ƙahonninsa sirara ne, kuma idan yana tafiya kusan duk jikinsa yana ƙarƙashin ɓawo, ta yadda kifin ba ya samun abin kamawa. Ga shi kuma iri biyun gansakukar da kika bayyana su ne ainihin abincinsa, har da koriyar mai tauri wadda sauran dodannin koɗi ba sa iya kankarewa. Game da tsoron yaɗuwa, nerait ba ya hayayyafa a ruwan daɗi, domin 'ya'yansa ba sa rayuwa sai a ruwa mai gishiri-gishiri, irin na inda kogi ke haɗuwa da teku. Aibinsa ɗaya ne a wannan fanni: idan kika dace da mace, za ta riƙa manna fararen ƙwai masu kama da riɗi a jikin itace da duwatsu da gilashi, ba za su zama komai ba, amma suna da wuyar cirewa, kuma da wuya a bambance mace da namiji a wurin saye.

Wanda masu sayarwa suka fi tallatawa shi ne mistiri, wato Pomacea diffusa, ɗan asalin Kudancin Amurka. Yana da kyau, yana da launuka, kuma ya fi nerait ban sha'awa a kallo, amma ni ba zan saka shi a lita 20 tare da beta ba. Yana girma ya kai kusan santimita biyar, yana da dogayen ƙahonni da suke kaɗawa a ruwa, yana kuma da wani bututu da yake miƙawa saman ruwa ya shaƙi iska, kuma waɗannan duka beta yakan kai musu cizo. Ƙahon da aka gutsure yakan sake tsirowa, amma dodon koɗin da ake tsangwama kullum yakan rufe kansa a ɓawo ya daina fitowa cin abinci, a hankali ya rame ya mutu ba tare da an ga rauni a jikinsa ba. Sannan ba gwanin cin gansakuka ba ne, sai an riƙa ba shi abinci na musamman.

A lita 20, nerait guda ɗaya ya isa, kada ki ƙara. Ki kuma tabbata tankin yana da murfi da ya rufe ko'ina, domin nerait ya saba hawa sama ya bar ruwa, beta ma yana tsalle. Ki bar ɗan fili tsakanin ruwa da murfin, tunda beta yana da wata gaɓa a kansa da yake shaƙar iska da ita kai tsaye, kuma dole ne ya riƙa hawa sama lokaci zuwa lokaci.

Mai Gwajin Ruwa ya amsa:

Na yarda da zaɓin da Malam Tsohon Hannu ya yi, amma ina ganin akwai tambayar da ta fi batun faɗa muhimmanci, wato ko ruwan tankin zai iya ɗaukar baki na biyu. Mutane da yawa suna ɗaukar dodon koɗi a matsayin mai shara, alhali shi ma dabba ce mai ci da kashi. Gansakukar da ya kankare daga gilashi ba ta ɓace ba, ta koma kashi ne a ƙasan tanki, kashin kuma yana ruɓewa ya zama amoniya, sinadarin da yake guba ne ga kifi. A babban tanki wannan ba ya nuna kansa, amma a lita 20, wanda idan aka cire wurin yashi da duwatsu da filin sama ruwan da ke ciki bai kai lita 20 ɗin ba, ƙaramin ƙari yana iya sauya lissafi.

Saboda haka, Malama, kafin ki sayo komai ki gwada ruwanki. A tankin da ya nuna, wato wanda ya gama kafuwa, bakteriyar da ke zaune a soson mataci suna juya amoniya ta zama naitirait, sannan naitirait ya zama naitiret, wanda shi ne mafi ƙarancin illa, kuma shi ake ragewa ta hanyar canjin ruwa. Kafuwar waɗannan bakteriya takan ɗauki mako huɗu zuwa shida a sabon tanki. Abin da ake so ki gani shi ne amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret kuma ƙasa da miligiram 20 a kowace lita. Na kawo wannan ne saboda gansakuka mai ruwan ƙasa da kika ambata ta fi yawa a tankin da bai daɗe da kafuwa ba, kuma sau da yawa takan ja baya da kanta idan tankin ya zauna. Idan haka ne, kina iya sayen nerait ya share gilashin cikin ɗan lokaci, daga nan kuma ya rasa abin ci. Wannan ita ce hanyar da nerait ya fi mutuwa a ƙananan tankuna: yunwa a cikin tanki mai tsabta. Da yawansu ba sa karɓar abincin gwangwani, kuma ba sa kula ganyen da aka sulala aka saka musu. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a zuba 'yan duwatsu masu santsi a wani mazubi da ruwa, a ajiye inda haske ke samunsu har su yi kore, sannan a riƙa saka ɗaya a tanki ana musanya shi. Haka nan ki daina goge gilashin baya, ki bar masa shi ya zama wurin kiwonsa.

Abu na biyu shi ne ɓawo. Da sinadarin kalsiyam aka gina shi, kuma ruwa mai tsami yana narkar da shi a hankali. Beta yana jin daɗin ruwa mai laushi, wato marar yawan ma'adinai, yana kuma zama lafiya daga pH 6.5 zuwa 7.5 (pH ma'aunin tsamin ruwa ne, ƙasa da 7 tsami ke nan), shi kuwa dodon koɗi yana bukatar 7 zuwa sama da ruwa mai ɗan nauyin ma'adinai. Inda bukatunsu suka haɗu ɗan siririn wuri ne, tsakanin 7 da 7.5, kuma a nan ya kamata a tsaya. Alamar cewa ruwa yana cin ɓawo ita ce ƙarshen naɗin ya fara fari, ko a ga ƙananan ramuka a jikinsa. Abin da ya riga ya zaizaye ba ya dawowa, iyaka sabon ɓawon da zai fito daga baki ya zo da lafiya idan an gyara ruwan.

Na uku, kuma wannan ne mutane suka fi mantawa, shi ne magani. Da yawa daga magungunan da ake yi wa kifi na ƙuraje da ƙwayoyin cuta na fata suna ɗauke da jan ƙarfe, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa yake kashe dodon koɗi, kuma yakan maƙale a yashi da duwatsu ya daɗe bayan an gama jinya. Idan kin taɓa zuba irin wannan magani a tankin, ki duba takardarsa kafin ki ci gaba. Idan kuma nan gaba kifin ya yi rashin lafiya, kifin za a fitar a yi masa magani a wani mazubi, ba a zuba maganin inda dodon koɗi yake ba.

A ci gaba da canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, da ruwan da aka cire wa kulorin kuma zafinsa ya yi daidai da na tankin, tare da zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo. Zuwan dodon koɗi ba ya rage wannan aiki ko kaɗan.

Mai Son Tsirrai ta amsa:

'Yar'uwa, tunda kin ce kina da tsirrai, ba mamaki dodon koɗi ya riga ya shigo miki ba tare da kin gayyace shi ba, domin ƙwansu yakan zo manne a ganye cikin wani abu mai yauƙi da ba a cika lura da shi ba. Waɗanda aka fi samu ta wannan hanya su ne mai naɗin ƙahon rago, na dangin Planorbidae, da ƙaramin nan Physella acuta mai siririn ɓawo. Su ne ake ba da labarin sun cika tanki, kuma gaskiya ne suna da saurin haihuwa, domin kowane ɗayansu yana ɗauke da gaɓoɓin namiji da na mace. Akwai kuma mai dogon ɓawo, Melanoides tuberculata, wanda macensa take haihuwa ba tare da namiji ba, yana wuni a binne cikin yashi ya fito da dare.

Ni ban ɗauke su a matsayin annoba ba, kuma a nan na ɗan saɓa wa ra'ayin da ya fi yawa. Yawansu yana bin yawan abinci ne. Idan mutum ya ga ɗaruruwansu a gilashi, to, abincin kifi yana zuba ƙasa ana barinsa, ko ganye yana ruɓewa ba a cirewa. A tankin da ake ba beta 'yan ƙwayoyin abinci ɗaya bayan ɗaya ana kallon yana haɗiyewa, adadinsu yakan tsaya a inda ba ya damun kowa, kuma wasu beta suna cinye ƙananan da ɓawonsu bai yi tauri ba. Ba sa cin lafiyayyen ganye, matacce suke bi, kuma ba sa mutuwa da yunwa kamar nerait domin ba su da zaɓen abinci. Idan sun yi yawa, a saka yankin kokwamba da dare, da safe a ɗauke shi tare da waɗanda suka taru a kai. Ba na goyon bayan sayo dodon koɗi mai cin 'yan'uwansa, Anentome helena, don a rage su a tanki irin naki, saboda idan ya gama da su zai iya juyawa kan nerait.

Gargaɗi biyu nake da su. Na farko, kada a ɗebo dodon koɗi daga tafki ko rafi a saka a tanki. Wasu daga cikin na ruwan daɗi, irin su Bulinus da Biomphalaria, su ne masaukin tsutsar da ke haddasa cutar tsargiya, wadda take shiga jikin mutum ta fata idan ya taɓa ruwan, kuma wanda ba masani ba ba zai iya bambance su da na kiwo ba. Na biyu, kada a zubar da na tanki a magudana ko kogi. Tarayyar Turai ta hana shigo da dukkan dangin Pomacea a shekarar 2012 bayan wani nau'insu ya mamaye gonakin shinkafa a bakin kogin Ebro na Sifaniya.

Sannan ki duba fitilar tankin. Koriyar gansakuka mai ɗigo-ɗigo tana son haske mai ƙarfi da tsawo. Idan fitilar tana wuce awa takwas a kunne, ko rana tana dukan gilashin ta taga, ki rage zuwa awa shida ko bakwai ki ga abin da zai faru, wataƙila ma bukatar dodon koɗin ta ragu.

Mai Tankin Gilashi ta sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada ruwan kamar yadda Malam Mai Gwajin Ruwa ya ce: amoniya da naitirait sifili ne, naitiret yana wajen 10, amma pH ya tsaya a 6.6. Ina zargin busasshen ganyen bishiyar almon ta Indiya, wato Terminalia catappa, da nake sakawa saboda kifin, wanda yake rina ruwan ya yi ja-ja. Ban taɓa zuba magani a tankin ba, fitila kuma na rage mata lokaci. Na yanke shawarar ɗaukar nerait guda ɗaya. Shin sai na daina saka ganyen gaba ɗaya? Kuma yaya zan shigar da shi ta yadda kifin ba zai far masa ba tun ranar farko?

Tsohon Hannu ya sake amsawa:

Malama, sakamakon gwajinki ya nuna tankin ya nuna, saura batun tsamin ruwa. Ganye ɗaya ba ya saukar da pH sosai sai idan ruwan da ma ba shi da ma'adinan da za su riƙe shi, don haka ki gwada ruwan da kike zubawa kafin ya shiga tanki, ki ga daga inda ya fara. Ba lallai ne ki daina ganyen ba, kina iya rage shi zuwa rabi. Abin da zai fi amfani shi ne ki saka ƙaramin cokali ɗaya na dakakken farin murjanin teku a cikin ɗan ƙyalle kusa da mataci, ko guntun farin ƙashin nan da ake rataya wa tsuntsayen keji. Suna narkewa a hankali, suna ƙara kalsiyam, suna kuma ɗaga pH ba tare da girgiza kifin ba. Ki guji ruwan maganin da ake ɗigawa don ɗaga pH nan take, domin hawa da saukar gaggawa sun fi cutar da beta fiye da 6.6 da ya saba da shi. Ki jira har ma'aunin ya zauna a wajen 7 na tsawon mako guda kafin ki sayo.

A wurin saye, ki zaɓi wanda yake manne da gilashi yana tafiya, mai ɓawo marar rami, ki bar wanda yake kwance a ƙasa. Idan kin iso da shi, ki ɗora ledar a saman ruwan tanki na minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita, sannan ki riƙa ƙara masa ruwan tankin kaɗan-kaɗan na kamar rabin awa. Ruwan ledar kada ya shiga tanki. Ki ciyar da kifin tukuna, ki kashe fitila, sannan ki ajiye dodon koɗin da hannu a kan dutse ko itace, bakinsa yana kallon ƙasa, saboda nerait yana shan wahala wajen juyawa idan ya faɗi ta baya, kuma a wannan yanayi ne naman jikinsa yake bayyana ga kifin.

Kwanakin farko ki sa ido. Idan kifin ya zo ya zagaya shi, ya buɗe fikafikai, ko ya taɓa ɓawon sau ɗaya ko biyu ya wuce, wannan ba komai ba ne. Idan kuwa ya tsaya a kansa yana jiran ya fito da kai ya cije shi, ko yana tunkuɗo shi daga gilashi, to, naki yana cikin waɗanda ba sa karɓar maƙwabci, kuma irin wannan hali ba ya sauyawa da haƙuri. Saboda haka ki tanadi wani mazubi mai murfi tun kafin ki sayo, ko ki yi magana da wanda zai karɓe shi.

Nerait yakan yi kwana ɗaya ko biyu bai motsa ba, musamman bayan sauyin wuri, kuma wannan ba mutuwa ba ce. Idan kin yi shakka, ki ɗauko shi ki duba: mai rai yana riƙe murfin bakinsa gam, kuma idan kin ɗan taɓa sai ya ƙara ja ciki. Matacce kuwa murfinsa yakan saki, kuma warinsa ba ya ɓuya. Idan haka ta faru, ki fitar da shi nan take, ki canza rabin ruwan, ki kuma gwada amoniya washegari, domin gawar dodon koɗi ɗaya ta isa ta ɓata lita 20 cikin dare guda.